Kififiya Ta Yi Mini Yaji

Asabar, 4 ga Mayu

Yau na yi dariya har cikina ya ƙulle. Na ɗauki Gaggawa, 'yar kififiyata, na saka ta cikin gwangwanin maɓallan Yaya na rufe. Yaya na kan keken ɗinki, ga wata mata ta zo karɓar riga, saura maɓalli biyu. Tana buɗe murfi Gaggawa ta miƙo wuya kamar mai sallama. Ihu, salati, gwangwani ya yi sama, maɓallai har ƙarƙashin gado. Matar ta fita da takalmi ƙafa ɗaya.

Gaggawa ta faɗo kan siminti ta kife. Na duba, ƙoƙon bayanta ko tsagewa bai yi ba.

Yaya ta ce, "Wallahi sai ka yi kuka da idonka." Kullum haka take cewa. Kaka kuwa ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Kaka tawa ce. Duk tsiyar da na ƙulla a gidan nan da saninta, wani sa'in ma ita ke duba mini hanya.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na zuba mata abinci, ba ta taɓa ba. Wata biyu ke nan da mai shagon kifin ado, maƙwabcin shagon facin taya na Kawu inda nake aiki, ya ba ni ita, ba ta wuce murfin kofin shayi ba. Tun ran nan ban taɓa ganin ta bar ƙwaya ɗaya a ruwa ba. Tafiya ce dai ba ta iya ba, shi ya sa na raɗa mata Gaggawa.

Ƙila ƙoshi ne.

Litinin, 6 ga Mayu

Ba ta ci ba.

Talata, 7 ga Mayu

Na kifa ta a tafin hannu yadda na saba, in ga ko da sauran ƙarfi. A da nan take take wuntsilawa ta miƙe, in sake kifawa. Yau ta shige ciki ta yi shiru kamar dutse.

Na jefa ta aljihu na kai wa mai kifi. Ya dube ni, ya dubi aljihun. Ruwan da ɗumi? Akwai inda take hawa ta sha rana? Na ce duk akwai. Ya ce, "Kana yawan ɗaukar ta?" Na ce a'a. "Ta faɗi?" Na ce ina! Ya ce ƙarama irin wannan ba ta jure yunwa kamar babba, in aka doshi sati biyu a haka in fara haƙura. Ya ce in gwada ba ta tana, tsutsar ƙasa, mai rai.

Ƙaryar ban san me ya sa na yi ta ba. Ta fito ne kawai.

Laraba, 8 ga Mayu

Bayan asuba na haƙa bakin kwatar bayan gida, na samu tana goma sha ɗaya. Na zuba su a gwangwanin madara da danyar ƙasa. Na wanke bahon da take ciki, na sa sabon ruwa, na gyara dutsen da take hawa. Na riƙo tana a bakin hancinta, na kaɗa, na ƙwanƙwasa bayanta, na yi mata fito. Ko kai ba ta fito da shi ba.

Na makara. Kawu ya ce in kififiya ce za ta koya mini faci, to in koma gidanta.

Juma'a, 10 ga Mayu

Bayan masallaci na bi ta wajen Malam na makarantar allonmu. Na ce akwai mara lafiya a gida, a sa shi a addu'a. Ya ce wane ne? Da na faɗa sai da ya cire tabarau. Bai yi dariya ba. Ya tuna mini matar nan da ta ɗaure kyanwa har ta mutu, ya ce duk ran da ka tsare a hannunka amana ne. Na je neman sanyi na dawo da wuta.

Tun Lahadi ban tsokani kowa ba. Yau a shago har mai shayi ya tambaya ko lafiya.

Lahadi, 12 ga Mayu

Kwana takwas.

Abin da zan rubuta yanzu ba na son ko ni in sake karantawa. Na shiga ɗakin Kaka, ban san sa'ad da na kifa kai a cinyarta ba. Kuka sosai, da majina. Na faɗa mata ni ne, faɗuwar nan ce, kuma na yi wa mai kifi ƙarya. Tana shafa kaina tana cewa, "Haƙuri, maigidana. Mai rai mamaci ne." Har ta ce in ta Allah ta kasance, gindin lemon tsakar gida ƙasarsa da taushi.

Na ce mata in Gaggawa ta ci abinci na bar tsokana har abada. Ta ce, "Allah ya ji, ni ma na ji."

Litinin, 13 ga Mayu

Yaya ta kira ni, murya a sanyaye. Ta miƙo mini ƙyallen farin yadi, ta ma kalmashe bakinsa da keke. Wai in ajiye, ko za a buƙata. Na karɓa da hannu biyu. Na ce na gode, Yaya, ki yafe mini. Ta juya baya da sauri, na ɗauka tausayi ne.

Talata, 14 ga Mayu

Ruwan yana ɓaci kamar na mai ci. Tanar ma raguwa take yi. Ko dai tserewa suke?

Laraba, 15 ga Mayu

Munafukai! Gidan nan kaf munafukai ne!

Wajen sha ɗaya injin iska ya tsaya, Kawu ya aike ni gida in ɗauko babbar sifana. Kaka na zaune a kan kujera bakin zaure, wurin da ba ta taɓa zama ba, tasbaha a hannu, tana gyangyaɗi. Na lallaɓa na wuce don kar in tashe ta. Ashe gadi aka sa ta.

A tsakar gida, an jawo bahon zuwa rana. Yaya zaune dirshan a ƙasa, ta riƙe tsinke da tana a jiki. Gaggawa kuwa, wadda na yi wa kuka, wadda na kai sunanta wurin Malam, ta miƙo wuya iya tsawonsa tana fizga tana haɗiya, ƙafafun gaba na ture sauran. Ta cinye ta ɗaga kai tana neman ƙari.

Da farko murna ce ta kama ni, har na buɗe baki zan yi kabbara. Sai na ga yadda Yaya ta firgita. Sai na ga gwangwanin madarata a gefenta.

Na ce tun yaushe? Ta ce Alhamis. Kwana shida. Wato ran da na je wurin Malam cikinta a cike yake. Ran da na jiƙa zanin Kaka da hawaye, da rana ta ci tana uku. Ni nake tashi da asuba ina tonon kwata, su suna jira in fita.

Muryata na tashi Gaggawa ta nutse ta shige ƙarƙashin dutse. Yaya ta ce, "Ka gani?" Na ce ban ga komai ba. Na ce farin ƙyallen fa? Sai ta fashe da dariya, ta riƙe ciki, ta ce a hakan ma ta yi mini ragi, da niyyarta har da 'yar makara.

Kaka ta shigo tana mutsuttsuke ido. "Au, ka dawo?"

Na koma shago ba sifana. Kawu ya yi ta faɗa, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Alhamis, 16 ga Mayu

Ban gaida kowa ba sai Umma. Ita ma ashe ta sani. Ta ce ita dai ba ta sa baki ba. Ai shi ne.

Na Yaya ban damu ba, ramuwa ce, kuma ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, na sani. Amma Kaka? Mutumin da kuke ɓoye sirri tare, ka ba shi cikinka, ashe da ka fita yana kwashewa yana kaiwa. Har gindin lemo ta nuna mini.

Alkawarin nan kuma bai hau kaina ba. Da yaudara aka karɓa.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na dawo daidai sha ɗaya. Baho a rana, tsinken Yaya, tana mai motsi, komai yadda na gani. Na tsaya a kanta na miƙa. Ta shige ciki.

Yaya ta zo wucewa, ta karɓi tsinken, ta zauna. Na ja baya zuwa bakin ƙofa. Kafin a karanta Ƙulhuwa uku kai ya fito.

To, wannan ba makircin Yaya ba ne, kuma ba na Kaka ba. Ita ce da kanta. Wata biyu ina canja mata ruwa. Ni na ɗauko mata dutsen daga wajen masu gini, na goge kaifinsa da takardar faci. Butulu mai ƙoƙo a baya.

Asabar, 18 ga Mayu

Kaka ta aiko mini da ayaba biyu, na mayar. Ta taso da kanta, da sandarta. "Maigida, yaji ka yi mini?" Na ce na sake ki, saki uku. Ta ce ba komai, dama ba cefane nake yi ba.

Ta tsaya bakin ƙofa ta ce kwana huɗu na farko dabbar nan ba ta ci a hannun kowa ba, da gaske ta kusa tafiya. Yaya ce ta bar ɗinkin mutane ta zauna mata. Ta ce, "Da mun faɗa maka ran Alhamis, ran Juma'a tana cikin takalmin wani."

Ko da gaskiya ne, ai akwai yadda ake faɗar gaskiya.

Na ce su riƙe abarsu, na bar musu.

Lahadi, 19 ga Mayu

Goggo ta karye a ƙafa, Yaya za ta je jinya, aƙalla sati. Ta tafi da rana. Ta bar takarda a maƙale jikin bahon da allura:

"Kar ka ɗauke ta. Kar ka tsaya a kanta, inuwarka take tsoro. Zauna ƙasa. Rufe bakinka. Na san na ƙarshen nan ya fi ƙarfinka."

Ba ruwana. Kaka ta ba ta, tunda ƙawarta ce.

Litinin, 20 ga Mayu

Kaka ta gwada. Idonta ba ya ganin tsinke balle tana. Na leƙa ta taga na ga tana ta ciyar da siminti. Umma ta ce ita ko da kuɗi ba ta taɓa tsutsa.

Gaggawa ba ta ci ba.

Talata, 21 ga Mayu

Na roƙi Kawu awa ɗaya. Na zauna ƙasa. Ba don takardar ba, ƙafata ce ke ciwo. Na ɗan daɗe, hanci ya fara fitowa. Sai bakina ya kuɓuce, na ce, "Ranki ya daɗe, a taimaka." Ta koma.

Kwana biyu ke nan. Wuyanta bai gama cikowa ba tun wancan karon. Yanzu kuma babu wanda ke ba ta a bayan idona, na tabbata, don na ƙirga tanar.

Laraba, 22 ga Mayu

Na zauna tun kafin sha ɗaya. Tsinke a hannun dama, na danne na hagu da cinya don kar ya yi halinsa. Rana a ƙeya. Ƙuda ya sauka mini a leɓe, ya yi yawo ya gaji ya tashi. Ko a gaban Malam da bulala ban taɓa zama irin wannan ba. Maganganu sun zo mini baki sun fi goma, masu daɗi kuwa, na haɗiye su.

Hanci ya fito. Ido. Ta dube ni ta daɗe, irin kallon da Yaya ke yi wa gwangwani yanzu kafin ta buɗe. Ban san tana da ɗan layin rawaya a bayan ido ba, sai yau.

Ta matso, ta tsaya, ta sake matsowa. Ta fizga.

Ɗaya ta ci, da rabi. Sauran rabin ta bari ta koma ƙarƙashin dutse. A hannun Yaya uku take ci, na sani, ba sai an faɗa mini ba.

Ban yi ihu ba. Na jira sai da ta lafa sannan na ja da baya da gindi har bakin bango.

Kaka na barci a kujera, baki buɗe, ga robar ruwan sanyi a gefenta, ga ɗan tsinke a hannuna. Tsokana ta zo mini, sai da na tsaya na duba. Na gyara mata mayafin da ya zame na wuce. Ban yafe mata ba, kar ma ta ɗauka. Kawu ne ke jira.

Gobe sha ɗaya saura kwata.