Dorinar da Ta Sami Idon Habibu

Zuwa ga Yaya Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Rabi da ƙananan yara. Yaya zaman Fatakwal? Yaya aiki? Mu nan Haɗeja da godiya, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Yaya, ka yi haƙuri, labarin ɗanka Habibu ne, kuma ba daɗi. Makarantarsu ta kafa doka cewa duk wanda ya makara bulala goma ce, ba a sauraron uzuri. Ranar Talata kogi ya cika ya shanye hanyar fadama, sai da Habibu da abokansa suka jira kwalekwale, har suka makara. Malamin horo ya tare su a ƙofa da dorina. Habibu ya ɗago kai yana cewa, "Malam, wallahi ruwa ne," sai bakin dorinar ya same shi a idon hagu. Jini ya wanke masa riga.

Da yara suka ga jini sai suka haukace. Suka yi wa ofishin malamai ruwan duwatsu, suka cinna wa babur ɗin malamin wuta, suka fasa masa kai kafin ya tsallake katanga. Sai da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Yanzu makarantar a rufe take.

Likita ya ce a kai Habibu Kano, ba shi da tabbacin idon zai sake gani. Jiya Habibu ya ce mini, "Gwaggo, ko na warke ba zan koma ba."

Ku sa shi a addu'a, ka gaida Rabi da yara. In da hali ka taho, kai yake ta tambaya.

Ƙanwarka,
Hadiza