Dashen Fili na Arba'in da Bakwai

International City, Dubai
12 ga Maris, 2023

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna da matata Asama'u. Yaya ƙafar? Allah ya sa kana shafa maganin da na aiko ta hannun Alhaji Sanda, ba ajiye shi ka yi a kan taga kamar na bara ba.

Baba, albishirinka. Hatsin nan da nake ba ka labari, ots, wanda ake damawa kamar kunu, ya fara faranta mana rai. Shekara uku muna shayar da iri ɗari biyu da ruwan gishiri a cikin rairayin nan. Yawancinsu sun ƙone. Na fili na arba'in da bakwai kuwa ya tsaya kore shar, har ya fid da kai. Shugabarmu Dakta Khairunnisa, 'yar Sakkwato, ita ta haɗa irin da hannunta, ita ce kuma ta ɗauko ni daga gona ta koya mini aikin ɗakin bincike. Yanzu ni zan niƙa ganyen in sa a na'urar da ke karanta DNA, wato rubutun gadon da ke cikin kowane tsiro, mu gano abin da ya ba shi wannan juriya.

Kai ma da hannunka a ciki. A shekarar farko tsuntsaye sun yi wa filin ɓarna, ya koma kamar bakin tsoho. Raina bai ba ni in bar gona da giɓi ba. Na ciro tsiron da ya yi cunkoso a filin da ke gefensa na yi dashe, yadda ka koya mini da dawa. Ban ma gaya wa kowa ba, don a ido duk ɗaya ne.

Ɗanka,
Salmanu

20 ga Mayu, 2023

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku gaba ɗaya, da fatan kowa lafiya. Ni jikina ƙalau, zuciyar ce babu daɗi.

Na'ura ta gama karatu. Abin da ke filin ba iri ɗaya ba ne, biyu ne a gauraye. Sau uku ina maimaitawa ina addu'ar a ce na'urar ce ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Aikin nan ba kamar gonarmu ba ne. Dole kowane iri ya zauna shi kaɗai, in ba haka ba ba za a san wanda ya jure gishirin ba. An gaya mana haka tun farko, na ɗauka tsirfar 'yan boko ce.

Shugabannin cibiyar bincikenmu sun ce Dakta ce ta gauraya irin da gangan don ta yi suna. An dakatar da ita. Ranar da take kwashe takardunta ni na riƙe mata kwali har mota. Ta yi mini godiya, ta ce in riƙe aikina da kyau. Ban gaya mata zancen dashen ba, Baba. In na faɗa, aiki ya tafi, biza ta tafi, ga Asama'u da na yi wa alkawarin ɗaukowa bana. Kullum sai in ce gobe. Kunyar kaina nake ji, ko abinci ba ya shiga.

Ka sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Salmanu

9 ga Yuli, 2023

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Yaya damina?

Wasiƙarka ta iso, layi biyu kacal, ko gaisuwa babu. Ka ce ka koya mini dashe amma ba ka koya mini shiru a kan mai gaskiya ba. A tsaye na karanta ta a shagon Alhaji Sanda a unguwar Al Buteen, daga nan ban zame ko'ina ba sai ofis.

Na faɗa musu komai, sun rubuta, na sa hannu. Sun ba ni wata ɗaya in bar ƙasar, ban yi musu ba. Sai dai na makara. Tun watan jiya aka ƙona irin gaba ɗaya, ko ƙwaya ba a bari ba. Dakta ta koma Sakkwato, an riga an ɗauki wani a gurbinta. Sun ce za su aika mata takardar wanke ta daga zargi. Ban san me takarda za ta mayar mata ba.

Jiya na kira ta na gaya mata da bakina. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi mini: ko na sani ranar da na riƙe mata kwali. Na ce na sani. Ta yi mini sallama ta kashe wayar.

Zan iso a farkon watan gobe in Allah ya so. Don Allah kada kowa ya zo tarye.

Ɗanka mai neman gafararka,
Salmanu