Na Toshe Wa Sanyi Hanya, Saura Ƙiris Na Toshe Numfashin Inna

Goggo Ngat, ki taimake ni. Tun da nake ban taɓa roƙon kowa ba, to yau ga ni na roƙa.

Ki fara sanin mai yi miki magana. Aji uku na yi a sakandare na ajiye. Na yi dakon masara a kasuwar garinmu Meo Vac, na yi acaɓa a kan hanyoyin dutsen nan da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi, sannan na buɗe shagon kayan gini. Na gina bene na siminti mai tagogin gilashi. Babu wanda ya ba ni kuɗi ko dong ɗaya, babu wanda ya miƙo min bulo. Na ɗauko Inna daga ƙauye, daga gidan katakon ƙanena Khue, inda iska ke shiga ta gabas ta fita ta yamma ba sallama. Na ba ta ɗaki mafi kyau a sama, wanda tagarsa ke kallon tudun da muka binne Baba.

Kin san ɗarin garinmu, raɓa ta daskare a kan ganye, ɓauna ta mutu a tsaye. Bana na je Hanoi sarin kaya, na ga wata leda garau da ake manna wa taga. A zagaye ta da salatif, a hura mata abin busar da gashi, sai ta miƙe kamar fatar ganga, ido ma ba ya ganinta. Ni na fara kawo ta garin nan. Na manne gidana kaf. Ɗumin hita ya daina gudu, kuɗin wuta ya sauka kusan rabi. Duk zaman cin abinci sai na faɗa, don yara su koyi tattali. Gidaje da yawa sun saya, wasu da hannuna na manna musu.

Sai aka fara yi min ta'asa. Na hau ɗakin Inna na tarar an tsaga ledar da wuƙa, an tura tagar ta ɗan buɗe. Na rufe na liƙe. Aka sake. Na yi wa yara tas. Aka sake. Sai na ce maƙwabcina Pao ne, mai sayar da gawayi, don na kashe masa kasuwa. Ban ma tsaya tunanin ta ina zai hau bene ba. Na je ƙofarsa na ce baƙin ciki ne ajalinsa. Ya yi dariya, ya kira ni mai gidan sama, wai kasuwarsa lafiya lau, in tambayi mutanen gidana. Ban gane ba, Goggo. Ban gane ba!

Na kafa tsani, na liƙe tagar ta waje, leda ninki biyu, inda hannu ba zai kai ba. Na sa roba na toshe ƙarƙashin ƙofar. Na sauko ina jin na yi maganin ɓarawo.

Washegari da safe Inna ba ta sauko kunna turare a teburin girmama kakanni, inda hoton Baba yake ba, abin da ba ta taɓa fashi ba. Matata Tuoi ta hau, sai na ji ihu. Inna kwance, jiki ya saki, kaskon gawayi a gefen gado. Hitar da na saya mata kuwa a kashe, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya. Tuoi ta rarumi kujera ta fasa gilashin. A asibiti likita ya ce iskar gawayi ce, ba ta wari, ba a ganinta, da an ƙara jimawa sai dai labari.

Ashe Inna ce ke tsaga ledar! Tuoi ke sayo mata gawayin. Yara sun sani, Pao ya sani, ni kaɗai ne baƙo a gidan da na gina. Inna ta ce ba ta son ta kunna hita ta ɓata min ragin kuɗin wutar da nake alfahari da shi. Tana tsagawa ne idan kanta ya yi nauyi, kuma ta nan take gaida Baba da safe. Na tambayi Tuoi me ya hana a faɗa min, ta ce in nuna mata mutum ɗaya da ya taɓa kai ƙarshen magana a gabana.

Yanzu Inna ta farfaɗo, ta ce kafin bikin sabuwar shekara za ta koma wurin Khue, kuma da hoton Baba na kan tebur za ta tafi. Wai gara gidan da ke yoyon iska da kwalbar da aka toshe. Khue ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya wuce ni kai tsaye wurin Inna, da ma zagina ya yi. Ni ne babba, kuma a al'adarmu hoton uba a gidan babban ɗa yake zama. In hoton nan ya bar gidana, da wane ido zan kalli kasuwa? Ɗumi fa na so ta ji. Laifin wa ne, kuma yaya zan hana ta tafiya?

Na san kina ɓoye sunan masu rubuto miki. Ni kada ki ce min “wani mai karatu”. Ban taɓa ɓuya a bayan kowa ba. Ki rubuta shi cikakke: Nong Duc Khoat, mai shagon kayan gini, wanda ya fara kawo ledar taga Meo Vac.

AMSA

Ɗana Khoat, sannu. Ka gode wa Tuoi da kujerarta, ka kuma yafe gilashin.

Ledarka ba ta da laifi. Abu ne mai amfani, tana riƙe ɗumi, tana rage kuɗin wuta, kuma da kyakkyawar niyya ka manna. Inna da Tuoi sun yi kuskure babba da suka ɓoye maka kasko. Gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake, kuma tsagar wuƙa ba kariya ba ce, sa'a ce kawai ta yi ta raka ta. Amma ka duba naka: aka yi ta tsaga taga ɗaya, ka tuhumi yara, ka tuhumi maƙwabci, ba ka tambayi mai kwana a ɗakin ba. Gidan da uwa ke tsoron kunna hita, sanyinsa ba daga taga yake shigowa ba.

Ga abin yi. Kasko ya bar ɗakin kwana har abada, a gidanka da na Khue, don katako ma ba tabbas ba ne. A kowane ɗaki ka bar taga ɗaya da ake iya buɗewa, tata kuwa mai kallon tudu kada leda ta sake hana ta motsi. Ka saya mata bargon lantarki mai inganci, kuma maganar kuɗin wuta ta daina zama miyar abincinku. Ka ba Pao haƙuri, yara ma.

Batun tafiya, ba a liƙe uwa da salatif. Ka zauna kusa da ita, ka yi shiru har ta kai aya. In ta ce za ta, kai ka kai ta, kai ka riƙe hoton a hanya. Wadda aka raka da hannu biyu ta fi saurin dawowa, kuma kasuwa ba ta yi wa irin wannan ɗa dariya.

Sunanka kuwa, ga shi na buga yadda ka nema, amma ba don leda ba. Gidajen da ka manna wa, akwai tsofaffi a ciki, kuma Pao ya faɗa maka kasuwarsa lafiya lau, wato gawayi na nan yana shiga gidaje. Tun yau ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ba su labarin Inna da bakinka, ka buɗe musu taga. Wanda ya karanta wannan ya san ƙofar da zai buga in ka yi jinkiri.

Ina yi wa Inna fatan samun sauƙi. Sabuwar shekara ta same ku a tebur ɗaya, ko a wane gida aka ajiye shi.

Goggo Ngat