Daminar da Ta Sauko Daga Tulun Inna

Zuwa ga Mai girma Mushe Darakta, shugaban masu awon ruwan sama, Tawa.

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ni ne Alhassan ɗan Mamman, wanda kuka danƙa wa gwangwanin awon ruwa a ƙauyenmu, arewa da Barmu, don ni kaɗai na taɓa zaman lakwal, wato makarantar boko. Ina rubuto muku cikin kunya da yunwa, amma yunwar ta fi yawa.

Na ɗaya. Bara ku da anasaru biyu kuka kafa gwangwanin a tsakar gidanmu, kuka ce ƙasashe da yawa na jiran lambobina. Kuka ja mini kunne in rubuta abin da na gani, ba abin da nake zato ba. Zamanin soja ne, ban yi gardama ba.

Na biyu. Duk wata baƙi daga ofishinku kan zo su buɗe littafin da nake rubuta lambobin, su tarar da sifili, su tafi rai a ɓace. Mahaifiyata, Inna Hajo, ta tambaye ni abin da ke damun su. Na ce gwangwanin ne ba ruwa. Ita kuwa tun tana amarya baƙo bai taɓa barin gidanta hannu rabbana ba.

Na uku. Daga ranar, kullum safiya sai in iske ruwa a ciki, sama kuwa ko ɗigon girgije babu. Na gani, na rubuta. Baƙi suka yi ta murna, har hoto suka ɗauke ni. Ashe Inna ce ke tsiyaya musu daga tulunta.

Na huɗu. Hatsinmu ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Da kamyon, babbar motar jar dawar taimako, ya fito rabo, ko tsayawa bai yi ba. An ce a takarda mun fi kowa damina a ƙasar Adar, mu ne ma ya kamata mu taimaki garin Kalfu. Yau maigari ba ya amsa gaisuwata, mutane na kirana Sarkin Ruwa. Inna ta ce ba ta ga laifinta ba, ai baƙin da dariya suka tafi.

Roƙona, ku goge lambobin nan, ku shaida wa ƙasashen gaskiya, a mai da sunanmu cikin masu karɓar dawa kafin rabo na gaba. Allah ya ƙara girma, ya ba mu damina ta gaske. In za ku aiko a bincika, a bar gwangwanin, a leƙa rumbunmu. Shi Inna ba ta da abin zuba masa.

Wassalam.

Alhassan ɗan Mamman