Fuskar Yaya Sani a Ƙofar Farko

Zuwa ga ƙanwata Suhaila, Nassarawa, Kano.

Assalamu alaikum. Yau shekara shida da wata huɗu rabona da gida. Ina fata kina lafiya, Hajiya kuma ƙafar ta yi sauƙi.

Ina nan Tokyo, a ɗakin da in na miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Aikin bai canja ba: manyan masu zane su zana farkon motsi da ƙarshensa, mu ƙanana mu cike tsakiya. Sai dai bana an ɗan tuna da ni. Ranar Juma'a za a saki kashi na farko na sabon anime ɗinmu, fim ɗin zane irin na Japan, wanda aka ɗauko daga wani manga, wato littafin labari na zane. Labarin wata yarinya ce mai kiwon gajimare, da sarkin da ya kulle ruwan sama a bayan ƙofofi bakwai. A littafin, mai gadin ƙofar farko fuskarsa a rufe take da ƙarfe. Darakta ya ce shi fuska yake so, ya ba ni in ƙirƙiro.

Ki kunna a babban falo. Ki tabbata Yaya Sani yana zaune.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Badaruddeen.

*

Yaya Badar,

Wa alaikumus salam, da gaisuwa mai yawa. Hajiya ta ce a tambaye ka ko can ɗin ba a sayar da abinci ne, ta ga hotonka duk wuya.

Mun kalla bayan la'asar. In faɗa maka gaskiya, farkon ya yi sanyi, surutu ya yi yawa, ga rubutun fassara yana gudu kamar an biyo shi. Hajiya ta ce, "Waɗannan masu idanu kamar faranti, ba sa ƙiftawa ne?" Amma da yarinyar ta ɗaga sanda ta kora gajimare kamar shanu za su mashaya, falon ya yi tsit. Nan kam sun burge ni.

Sai ga mai gadi. Wushirya, gira a haɗe, ya ciro makulli yana sosa kunne da shi. Nabiha ta daka tsalle tana cewa, "Wallahi Abbana ne! Baffa Badar ya sa Abbana a fim!" Na waiga wajen Yaya Sani. Makullin mota yana hannunsa, a hankali ya tura shi aljihu.

Ni da na san halinka ban kwanta da murna ba, na nemo littafin a waya. Sare wa mai gadin nan kai ake yi, kuma a lissafina kashi na huɗu ne. Yaya Badar, shekarun Nabiha goma sha biyu. Ta ɗauka karrama ubanta ka yi. Don Allah ka dubi wannan.

Taka, Suhaila.

*

Suhaila,

Sallama da fatan alheri. Lissafinki daidai ne, kashi na huɗu.

Kina makarantar kwana lokacin, bari in gaya miki abin da ba a gaya miki ba. Shekara uku na yi ina zana labarina a ɗakin bayan gareji, shafi ɗari biyu da goma sha biyu. Na je Hotoro ɗaurin aure, na dawo na tarar Yaya ya zauna da jan biro, ya bi kowane mutum da kowane doki ya ja masa layi a wuya, irin yadda malaminmu na Islamiyya yake sa a yi wa hoton mai rai. Ko jaririn da ke goye bai bari ba. Ya jera takardun tsaf, ya ce, "Yanzu sun halatta, ci gaba." Da ƙonawa ya yi, da na yi kuka na manta.

Ba zan zalunce shi ba. Na san tsoro ne ya sa shi, kada ranar gobe a ce in busa musu rai in kasa. Na san kuma shi ya riƙe gidan nan bayan rasuwar Alhaji. Amma ya yanka mini mutum sama da dubu yana murmushi, bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. Ni wuya ɗaya kawai na nema. Wanda ya shuka ƙaya bai kamata ya fita ba takalmi ba.

Ki gaida Hajiya, ki ce ina cin abinci.
Badaruddeen.

*

Yaya Badar,

Barka da aiki. Ba roƙo zan sake yi ba, labari ne.

Nabiha ta gayyato 'yan ajinsu tara su zo kallon kashi na huɗu, har ta sa a yi musu cincin da zoɓo. Jiya na sami Yaya a gindin mangwaro na gaya masa komai. Ashe ya sani. Ya ce tun ranar farko ya gane, mai gadi a tatsuniya ai ba ya tsufa. Na ce to ya hana taron. Ya ce, "In ce mata me? Baffanta ya yanka ni, ko ni na fara yanka masa?" Sannan ya ce, "Hakkinsa ne, ya karɓa. Zan zauna a gaba in kalla. Idon yarinyar nan kawai nake ji."

Bai ce ka yi haƙuri ba, kada in yi maka ƙarya.

Saura kwana tara.
Suhaila.

*

Suhaila,

Assalamu alaikum. A gaida kowa, har shi.

Kan zai faɗi, labarin ba nawa ba ne balle in hana. Na dai roƙi darakta in mayar wa mai gadin hular ƙarfensa a wurin saran. Ya yi faɗa, ya ce in yi a lokacina, hutuna na wata kuma ya tafi. Ki gaya wa Yaya don Nabiha na yi. Shi har yanzu ina jiran kalmarsa. Allah ya sada mu da alheri.

Wurin saran zane talatin da shida ne, bai fi ƙiftawa uku ba. Na ceci ashirin da tara, na rufe fuskar a cikinsu. Biyar lokaci ne ya ƙure mini. Biyu kuwa ni na bar su da fuskarsa.

Badaruddeen.