Malam, Na Ɗanɗana Ruwan Teku

Ƙofar Dumi, Bauchi, shekarar samun mulkin kai

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum, Malam. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, don ba a haifi ɗan aiken da zai kai ta inda kake ba. Ko kana raye ma da ƙyar za ka karanta, kai da kake cewa ajamina kamar kaza ta yi tono a juji. Amma bakina ya cika, kuma maganar ba ta gaya wa kowa ba ce a unguwar nan sai kai. Na je Ikko, Malam. Na ga teku da idona, har na sa ruwansa a baki. Yanzu ka san dalilin takardar, kuma na san da kana nan da ka fara gyara hula kana kallon rufin ɗaki.

Kafin mu kai can, ga labarin gida. Kowa lafiya. Katangar baya da ka ce za ka gyara bayan damina ba ta jira ka ba, ta faɗi, Sambo ƙanenka ya tayar da ita. Jar akuyarka ta haihu, kuma har gobe ba ta daina cin wankin mutane ba. Mulkin kan da kuke ta musu a kai a ƙofar gida ya zo. Telolin Wunti sun yi ta ɗinkin tuta har zare ya yi wuya, aka yi kiɗa, aka yi murna. Na zauna a tsakar gida ina jin hayaniyar, ina cewa wanda ya fi kowa son gani bai gani ba.

Ka tuna yadda maganar ruwan teku ta faro? Ina amarya, za ka kai shanu Kurmi karon farko, ka tambaye ni tsarabar da nake so. Mai hankali atamfa za ta ce, ni kuwa da wautata na ce ruwan teku. Ka dawo da shi a kwalba, fari tas, mai daɗi a baki. Na nuna wa matan unguwa, ita kuma Iya Dudu maƙwabciyarmu ta roƙi kaɗan ta shafa a gwiwa, ta rantse ta miƙe. Shi ke nan, ka zama Malam mai ruwan teku. Duk tafiya sai ka dawo da kwalabe, a shafa wa yara masu ƙurajen zafi, a ba mai naƙuda ta kurɓa, kai kuma ka zauna a kan tabarma kana ba mu labarin raƙuman ruwa da jirage, muna buɗe baki.

To, da na fita takaba, Garba autanmu ya sami hutu a wurin aikinsa na akawu, ya zo ya ce sai ya tafi da ni Ikko in ga gari, in huta da zaman ɗaki da kuka. Kafin in ce to, labari ya zaga unguwa. Mata suka yi ta kawo kwalabe, ta lemo, ta man shafawa, har da ta turare. Iya Dudu ta riƙe hannuna ta ce tun rasuwarka gwiwarta ta dawo, ɗan ɗigon da ya rage take tattali kamar zuma, kada in kuskura in dawo mata hannu biyu. Haka na bar Bauchi da ƙunshi yana ƙara a bayana, ina jin kaina wakiliyarka.

Motar Jos ta girgiza mini hanji, sanyin Jos kuma ya ƙarasa ni. Daga nan muka shiga jirgin ƙasa. Me ya sa ba ka taɓa gaya mini tafiyar ba ta ƙarewa ba? Da muka hau gadar Kwara na rufe ido na karanta duk abin da na haddace. Ƙasa ta yi ta canza kama, itatuwa suka yi tsawo suka haɗe kai har rana ba ta ganin ƙasa, sai ga kwakwa da ayaba ko'ina kamar ba masu shi. Zafinsu kuma ba irin namu ba ne mai ƙona mutum ya bushe. Nasu kamar an ɗora ka a madambaci, ka yi wanka ka fito kana gumi.

Garba da matarsa Asabe ba su bar ni na zauna ba. Suka kai ni na ga benaye har wuyana ya ƙage, ga tutocin biki har lokacin ba a sauke ba. Suka kai ni bakin tashar jiragen ruwa, na ga jirgi guda da ya fi layinmu tsawo yana zaune a kan ruwa bai nutse ba, na ce Allah mai iko. A kasuwa na ga ana cinikin dodon koɗi kamar nama, ga ƙaguwa da rai an ɗaure ta tana motsi. Asabe ta ba ni teba da wata jar miya, na ci ina hawaye, ta ɗauka kai na tuna, alhali barkono ne. An fasa mini ɗanyar kwakwa na sha ruwanta, wannan kam ya yi mini. Duk abin da na gani sai in ce Malam ya faɗa, Malam ya faɗa, ina ta alfahari da kai a gaban surukarka.

Ranar Lahadi muka je bakin teku. Na ji shi kafin in gan shi, wani gurnani da ba ya tsayawa. Da muka haura tudun yashi sai ƙafafuna suka tsaya da kansu. Malam, gani ya kori ji. Ruwa ba shi da ɗaya gaɓar, ya tafi har ya haɗu da sama, yana tasowa ya zube ya koma, ya sake tasowa kamar ba ya gajiya. Na yi tasbihi, na yi kuka, na ce ashe abin da mijina yake gani ke nan shi kaɗai. Na tuɓe takalmi na shiga har idon sawu, na yi bisimilla, na kamfata da tafin hannu na kurɓa kamar yadda muke yi a gida.

Na tofar. Gishiri, Malam, gishiri har da ɗaci, kamar an juye buhu a tukunya ɗaya. Na ce ko wurin ne ba kyau, na matsa gaba na sake ɗiba, duk kanwar ja ce. Sai na juya na tambayi Garba ina ne ɓangaren sha, inda babansa yake ɗiba. Yaron nan ya sunkuyar da kai yana tona yashi da ƙafa, Asabe ta toshe baki da mayafi. Da ƙyar ya ce mini duk teku haka yake, kuma tun farkon zuwansa Ikko ya gane, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Na zauna a kan yashi na cika na yi fam. Shekara da shekaru, Malam! Ka tuna ranar da liman ya ce shi a littafi ya ga bahar gishiri gare shi, ka ce ai wannan na hanyar Makka ne, na Ikko daban yake? Ni ce na fi kowa tsaya maka, har na yi gaba da yayarka mako guda don ta ce ruwan yana mata kama da na randa. Ina amfanin fushi da wanda ba zai ba ka amsa ba? Ina cikin fushin sai na hango fuskarka lokacin da kake ba liman amsa, ko ƙifta ido ba ka yi ba. Dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har masu wucewa suka tsaya kallon tsohuwar Bahaushiya da ta zauce a bakin ruwa.

Kashegari na ce a kai ni zangon Agege in gaida Alhaji Tanko, mai masaukinka. Ya yi mini ta'aziyya, ya yabe ka, ya ce bai taɓa saukar da falke mai amana irinka ba. Da na kewaya na kawo maganar kwalabe, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce sau ɗaya suka taɓa ɗaukar ka za su kai ka teku, mota na hawa babbar gada ka leƙa ka ga ruwa a ƙasa, ka rantse sai an sauke ka, ka koma da baya a ƙafa kana salati. Ya ce kwalaben da kanka kake wanke su, ka cika a famfon tashar jirgi, labarin teku kuma wurin 'yan dako kake tsinta. Kai da kake tare bijimi da sanda ɗaya, ashe ruwa ne maganinka?

Amma ba wannan ce maganar da ta tsaya mini a rai ba. Alhaji ya ce daga baya ma sun sha cewa ka ƙara kwana, su bi da kai ta wata hanya a hankali, ka gani ka huta. Ya ce da an gama ciniki jakarka na kafaɗa, amsarka kullum ɗaya ce, wai ka bar mutum a gida. Malam, ni ce mutumin? Me ya hana ka gaya mini ko sau ɗaya? Kai dai ka shigo, ka ajiye jaka, ka tambaya ko an ba awaki dusa. Fulakonka ya hana ka, ni kuma kunya ta hana ni. To, bari in faɗa yanzu tunda ba ka kallona. Duk tafiyarka kullum da rabonka nake tuƙa tuwo, ko da za ka faɗo ba zato. In na ji ƙarar mota ta wajen Wunti sai na ɓata miya. Ina son ka, Malam, tun ina amarya har na yi furfura, kuma ban daina ba.

Sai maganar kwalabe ta dawo mini. In na cika su da na gaske, Iya Dudu na kurɓa asirinka ya tonu, kuma ka san bakinta ba ya riƙe ko ruwa. Kafin azahar labari ya kai har unguwar Gwallaga. A gidan suna da gidan biki za a riƙa cewa kun tuna Malam mai ruwan famfo, a yi ta shewa, kai kuma ba ka nan balle ka gyara hula ka kare kanka. Na yi ta juya abin a raina har ranar tafiya. Ƙarya ba kyau, ɗiyar malam ce ni, na sani. Amma mutumin da ya rufa mini asiri tsawon zamanmu, ni zan kwance masa zani a kasuwa bayan ransa?

A tashar jirgi na tambayi inda famfo yake. Ƙila ma naka ne, don ya tsufa, yana tsartuwa ta gefe. Garba da wandonsa na akawu ya tsuguna yana riƙe mini kwalabe ina cikawa, da muka gama sai ya ce in toshe da kyau kada su zube a hanya. Ɗanka ne dai.

Ban gama kwance kaya ba Iya Dudu ta shigo tana dogara sanda, mata na biye da ita. Na miƙa mata kwalbarta ta buɗe. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta juya shi a baki, ta ce wallahi shi ne, sak irin na marigayi. Sannan ta ɗaga hannu ta yi maka addu'a doguwa, ta ce yadda ka sha wahala kana ɗebo wa talakawa magani daga bakin duniya, Allah ya shayar da kai daga Alkausara. Tsakar gida ta ɗauki amin. Na rufe fuska da mayafi, kafaɗuna na rawa, suka yi ta ba ni haƙuri. Ni kaina ban san ko kuka nake ko dariya ba. Yau da safe na gan ta ta tafi kasuwa ba sanda. Allah ya yafe mana, ni da kai.

Saura abu ɗaya. Kwalbar turare ƙarama na cika ta a bakin tekun gaske kafin mu taso, na ɓoye a ƙugu. Ran Juma'a Sambo zai je ziyarar maƙabarta, na ba shi na ce ya yayyafa maka, ban gaya masa ko mene ne ba. Tunda ba ka je masa ba, ga shi na aiko maka da shi. In ka ji ɗan gishiri a ƙasar, kada ka tsorata, Malam. Ɗan kaɗan ne, ko tafin hannu bai cika ba, kuma babu gada.

Ka huta lafiya. Allah ya jiƙan ka, ya sa ka a inuwa, ya haɗa fuskokinmu a inda ba a rabuwa.

Ni ce mutumin da ka bari a gida,
Uwar Garba