Gwaggon da Na Zaunar a Littafin Auta

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mai buga littattafai ya sake zuwa. Ya zauna a falo yana murza hannu, wai masu karatu sun hana shi sakat da tambayar kashi na biyu na littafin Auta. Ita ko leƙowa ba ta yi ba. Tun da mijinta Dogo ya rasu bara ta dawo gidana, daga gado sai taga, daga taga sai gado.

Na ce masa ya tafi, labarin soyayya ba abinci ba ne, ba a taɓa kwantar da wani a asibiti don bai karanta ba. Ya ce, "Mama, ba littafin kaɗai ba, so nake ta tashi." Nan kam ya yi magana, ko da yake ya shigo min da takalmi har kan kafet.

Ni dama ban taɓa son wannan rubutun ba. Yarinya da iliminta ta zauna tana ƙaga yadda wani injiniya ke kallon idon wata nas. Me ke cikin ido ban da ƙwalla? Amma in shi zai tashe ta daga gadon nan, to.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yau na gano inda matsalar take. Ashe Auta ba ta iya rubutu a zaune. Kashi na farko duk a tsaye ta yi shi, tana zagaya ɗaki tana faɗa, Dogo yana bugawa a kwamfuta. Ta ce, "Mama, in na kalli kwamfutar, yatsunsa nake gani."

Na ce ni fa, yatsuna sun mutu ne? Ta manta kafin a haife ta na yi shekaru ina buga takardu a ofis, da tafireta mai nauyin buhun siminti, ban taɓa sunkuyawa na nemi harafi ba. Na ce gobe bayan ta karya. Kuma ta yi wanka tukuna, ba na aiki da mai warin bargo.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun fara jiya. Na juya teburin, allon kwamfutar ya fuskanci bango don kada ta gan shi. Ta taka daga ƙofa zuwa taga, ta faɗi layi kaɗan, ta zauna ta yi kuka, ta tashi ta ci gaba. A shafin farko ta kashe injiniyan. Zazzaɓi, kamar Dogo. Na buga.

Na soya mata ƙwai. Ta ci rabi. Rabi ma ci ne.

Talata, 11 ga Fabrairu

To, ga abin da nake gudu. An shigo da wani malamin lissafi, maƙwabcin nas ɗin, wai ya zo gyara mata famfo. Famfo ya gyaru, bai tafi ba. Suka zauna a falo su biyu, har Auta na cewa, "sai iska ta tura ƙofar ta rufe." Iska! Ko iskar ma ba ta da tarbiyya.

Da yatsuna ba za a rufe ƙofa a kan mace da namiji ba. 'Yan mata ne fa za su karanta. Sai na ƙara layi ɗaya: gwaggon nas ɗin na zaune a kusurwa tana tsintar shinkafa a faranti. Shi ke nan. Ban taɓa maganarsu ba, ban rage ba. Auta ba ta kallon allo, ba ta sani ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Malamin ya rage wa nas hanya a mota. Gwaggo ta zauna a gaba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ba aiki yau. Babban ɗana ya kira, ya ce ya ji muryar ƙanwarsa ta sake. Na ce aikin Allah ne, da ƙwai.

Da yamma na tarar da ita tana guga. Rigarta take gogewa, ba ta Dogo ba. Ni da babansu ya rasu, na daɗe ina goge rigunansa ina mayarwa cikin kabad, yara suna makaranta, ba wanda ya sani. Ban sami mai zaunar da ni in yi kuka ba, ban kuma nema ba. A lokacin ina ganin ƙarfin hali ne. Yanzu ban sani ba.

Gwiwata ta hagu tana damuna. Tsufa dai ba ya sallama.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Aiki na tafiya. Yanzu Auta har hannu take yarfawa in tana faɗa, ta canza murya in malamin ne ke magana. Ta kusa ture min shayi. Gwaggo ta je asibitin da nas ke aiki, ta je kantin sayen fenti, jiya har kwalekwale ta shiga da farantinta. Na yi tunanin in bar ta a bakin ruwa, amma daga can me za ta gani?

Mai buga littattafai ya karɓi babi bakwai zai duba. Wannan karon ya cire takalmi.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Asiri ya tonu. Mutumin nan ya kira Auta yana ta yabo, wai wannan gwaggon ita ce gishirin littafin. Ina kicin na ji, "Mama! Wace ce gwaggo?"

Na ce mata gaskiya, don ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce na kare mutuncin nas ne, tun da marubuciyar ta kasa. Fuskarta ta canza. Ta ce, "Dogo bai taɓa ƙara min ko kalma ɗaya ba." Ta shiga ɗaki ta rufe.

Na koma kicin da ludayina a hannu.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ba ta fito ba. Abincin da na ajiye a ƙofa haka na ɗauke shi.

Ina da gaskiya a kan ƙofar nan, har gobe. Amma in yarinyar nan ta koma gadon saboda ni, gaskiyar tawa me za ta tsinana min?

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Da hantsi na dawo daga sayen magani, babu kwamfuta a kan tebur. Sai na ji wani sauti daga ɗakinta, na ɗauka kuka ne, na tura ƙofa.

Tana zaune a ƙasa, kwamfutar a cinyarta, a buɗe, tana dariya har tana riƙe ciki. Wai ta ɗauko ne don ta bi babi babi ta goge gwaggo. Ta ce, "Mama, cikin kwalekwale? Da faranti? Shinkafar nan ba ta ƙarewa ne?" Na ce iyali ne da yawa. Sai ta kwanta a ƙasa gaba ɗaya. Dariyar ta juye kuka, kukan ya koma dariya, ni ma ban san lokacin da na zauna kusa da ita ba, da wannan gwiwar tawa.

Ta ce da Dogo na nan da ya shiɗe. Wannan ne karo na farko da ta ambace shi bakinta bai yi rawa ba.

Ba ta lura cewa da kanta ta buɗe kwamfutar ba. Ban tuna mata ba.

Talata, 4 ga Maris

Gwaggo ta tsira. Har an ba ta baki yanzu. Auta ce ke faɗar maganarta, kuma na san inda take samo su: "A zamaninmu ba a yin haka." "Zauna da kyau." "Wannan dariyar ta mece ce?" Na ce mata ni ban ga abin dariya ba, a littafin nan kaf gwaggo ce kaɗai mai hankali.

An juyo da teburin. Yanzu tana tsayawa a bayana tana karanta abin da na buga, wai ba ta yarda da ni ba. Tana da hujja.

Alhamis, 13 ga Maris

Mun tsaya cak. Babi na ƙarshe ya rage, inda malamin zai faɗa wa nas abin da ke ransa. Kwana da kwanaki Auta na zagaya ɗaki ba ta faɗi komai ba. Yau ta zauna a bakin taga, irin zaman da ba na so. Ta ce, "Mama, in nas ta amsa masa, ji nake kamar na ci amanar Dogo."

Na buɗe baki zan yi wa'azi, don ina da shi a shirye koyaushe. Ban sami ko ɗaya da ya dace ba. Sai na ce mata Dogo da na sani, wanda ke cinye min biredi yana tsokanata, ba zai so a zauna masa a taga ba. Na ce ni na zauna a tawa tagar ta wata hanya, ba wanda ya ba ni lambar yabo.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na tashi na ɗora ruwan shayi.

Litinin, 17 ga Maris

Mun gama.

Ta tashi da wuri, ta yi wanka ba tare da na ce ba. Ta fara faɗa: falo, yamma, malamin ya zo da hannunsa duk alli, ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Ta ce, "Gwaggo na zaune a kusurwa da farantinta." Na buga. Sai yatsuna suka ci gaba. Gwaggo ta dubi nas, ta dubi malamin, ta karkaɗe zaninta, ta ɗauki faranti ta fita.

Auta na bayana tana karantawa. Ta ce, "Mama, ina gwaggo za ta?" Na ce ta gama tsinta, sai a ɗora tukunya, ko haka za a zauna da yunwa? Sai na ji haɓarta a kan kaina, da nauyinta, kamar lokacin tana ƙarama. Daga nan ta faɗi sauran a hankali, har nas ta amsa. Na buga duka. Allon ya ɗan yi min hazo, tabarau ɗin nan na bukatar canji.

Asabar, 22 ga Maris

Da kanta ta kai littafin wurin mai bugawa. Ta sa rigarta mai ruwan ƙwai, ta tsaya a madubi har na gaji da kallo. A bakin ƙofa ta ce daga can za ta wuce wurin ƙawayenta, kada in jira ta da abincin rana.

Ta ɗan dakata, tana jiran in tambayi su wane ne, a ina, ƙarfe nawa za ta dawo. Na ce ta gyara ɗankwalinta ya karkace. Ta gyara, ta fita.

Mantawa na yi ban tambaya ba. Ina jin mantawa ce.